An sayar da shi dala 50 bai sani ba: muhawara kan fim ɗin The Set-Up

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Fim ɗinmu na wannan mako shi ne The Set-Up, na 1949, baƙi da fari, wanda Robert Wise ya ba da umarni a kamfanin RKO. Wanda bai kalla ba ya dakata a nan, don za mu fasa ƙwai har ƙarshe.

Labarin ba shi da tsawo. Bill Thompson, wanda aka fi sani da Stoker, ɗan dambe ne mai shekara 35, ruwa ya soma ƙare wa ɗan kada. Yana da karawa ta turmi huɗu da wani matashi mai tashe, Tiger Nelson, a wani gari da marubuta suka ƙirƙira suka sa masa Paradise City. Manajansa Tiny ya karɓi dala 50 daga hannun yaron wani uban 'yan caca mai suna Little Boy, bisa sharaɗin Stoker zai kwanta da zarar an wuce turmi na biyu. Tiny ya soke kuɗin a aljihu bai ce wa Stoker uffan ba, don a lissafinsa ko da ciniki ko babu mutumin nan faɗuwa zai yi, to a kan me za a raba da shi? Sai Allah ya yi ikonsa, Stoker ya shimfiɗe yaron a turmi na huɗu. Bayan an watse suka ritsa shi a lungu suka farfasa masa hannun dama da bulo. Fim ya ƙare matarsa Julie na riƙe da shi a bakin titi tana ce masa daren nan su biyun duk sun yi nasara.

Abin da ya tsaya mini ke nan. Wace nasara? Mutum ba hannu, ba sana'a, manaja ya cika wandonsa da iska. Ni a ganina Hollywood ce kawai ta barbaɗa sukari a ƙarshe don kada masu kallo su fita da ɗaci a baki. Ina sauraronku.

Maman Walida:
Wa'alaikumus salam. Baban Ilham, kai da idon namiji ka kalla. Koma ka sake duba zamansu na farko a ɗakin otal ɗin nan, Hotel Cozy. Yana ce mata naushi ɗaya ya rage masa ya fito, ita kuma tana ce masa ai kullum naushi ɗaya ne zai rage. Ta tuna masa damben baya da aka jibge shi har ya daɗe bai gane ko wace ce ita ba. Matar da ta ga haka, kana jin talauci take tsoro? Tsoronta wata rana a dawo mata da gangar jiki ba kai.

Ka lura da abin da ta yi da tikitin da ya ba ta. Ta je har ƙofar filin, ta ji ihun mutane, ta juya. Ta yi ta gararamba a titi, ko'ina ta tsaya sai dambe ya biyo ta, har rediyon wani mai shago dambe yake watsawa. Ƙarshe ta tsaya a kan gada ta yayyaga tikitin ta zuba wa taragon da ke wucewa a ƙasa. Wannan matar idan aka ce mata zaɓi, ko hannunsa ko ƙwaƙwalwarsa, wallahi ba za ta yi dogon tunani ba.

Baban Ilham:
Hajiya na ji, amma da me za su ci abinci gobe?

Maman Walida:
Da abin da sauran mutane ke ci. Ka ga Gunboat Johnson a ɗakin shiri? Tsohon ɗan damben nan mai fuska duk tabo, wanda ba shi da zance sai na wani Frankie Manila da aka yi ta kayarwa amma daga baya ya zama zakara. Aka ɗauko shi ranga-ranga daga fage, aka tambaye shi sunansa ya ce Frankie Manila. Gobe ta Stoker ke nan, aka ajiye masa ita a gabansa ya gani da idonsa. Hannu ɗaya ya fi wannan sau dubu.

Kawu Ɗanjuma:
Ku yi haƙuri in sa baki, ku duka biyun kun tsallake wurin da ciwon yake. Ba bulon ne ya fi ba ni takaici ba. Sayar da dambe ba sabon abu ba ne. Amma a ƙa'idar ɓarayin ma, wanda zai kwanta ana kiransa gefe a gaya masa, a ba shi rabonsa, ya yarda ko ya ƙi. Stoker ko wannan darajar ba a ba shi ba. Mutumin da ke cin abinci da guminsa ya dube shi ya yanke cewa bai kai a saye shi ba. Red, tsohon da ke goge masa jini a kusurwa, shi ma ya sani, aka jefa masa ɗan abin da aka jefa masa ya yi shiru. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka duk wanda ke filin nan daga ɓangaren ciniki ya san yadda dare zai ƙare, ban da mutum ɗaya, shi ne wanda ake dukan fuskarsa. Raini ke nan tsagwaronsa. Kuma abin da ya rushe musu lissafi shi ne rainin nasu. Da Tiny ya ɗauke shi mutum ya gaya masa tun a ɗakin shiri, wataƙila da wani labarin ake yi.

Ɗan Guramada:
Kawu ka taɓo inda nake jira. Ina da tambaya a kan wannan "wataƙila" ɗin naka, amma bari in ji ta bakin 'yan boko tukuna.

Zainab A.:
Kawu barka da dare. Ni ta ɓangaren aiki zan shigo, don wannan fim ana koyar da shi saboda yadda aka gina shi. Tsawonsa minti 72 ne ko da ɗoriya kaɗan, labarin ma tsawonsa ke nan. An buɗe da agogon titi yana nuna tara da minti biyar na dare, an rufe da agogon ya ɗan gota goma da kwata. Ba a tsallake lokaci ba, ba a koma baya a nuna mana ƙuruciyarsa ba. Ko turmin damben ma da hutun tsakaninsu a gabanka suke wucewa. Wannan shekara uku ke nan kafin High Noon na 1952 da mutane suka fi sani da irin wannan salo.

Wise asalinsa mai tace fim ne, shi ya tace Citizen Kane a 1941, shi ya sa ba ka ganin ɓarnar daƙiƙa ko ɗaya. Kuma babu kiɗan da aka ɗora don a gaya maka yanzu ka ji tausayi. Duk kiɗan da ka ji daga cikin garin yake fitowa, ko rediyo, ko gidan rawa na kusa. Lokacin da za a sauke bulon nan kyamara ba ta nuna hannun ba, sai ta koma kan inuwar makaɗa a jikin bango, mai ganga na ta zuba duka. Ka ji abin a jikinka ba tare da ka gani ba. Milton Krasner da ya ɗauki hoton ya samu kyauta a bikin Cannes na Faransa a shekarar.

Amma ni a wurina mugayen fim ɗin ba su Little Boy ba ne, 'yan kallo ne. Akwai makaho da abokinsa ke ba shi labarin abin da ke faruwa, shi kuma yana ihu a nufi idon. Makaho fa! Akwai matar da ta shigo tana nuna ita ba ta son ganin jini, aka soma sai ga ta a tsaye tana a kashe shi. Akwai mai ƙiba da duk sanda aka nuno shi wani abin yake turawa a baki. Akwai wanda ya manna rediyo a kunne yana sauraron wasan ƙwallon sanda, wato baseball, damben ma bai dame shi ba. Da Stoker ya soma rinjaye, waɗanda ke zaginsa ɗazu su ne suka koma yi masa kirari. Su dai a faɗi, ko waye.

Ɗan Guramada:
Malama Zainab a yi mana a hankali, mu ma 'yan kallon dambe ne. Ba kowa ke zuwa don jini ba. Wani gwaninta yake zuwa gani, yadda mutum ke auna tazara, yadda yake ɓoye hannu. Wise ya zaɓo munana guda biyar ya cika mana fuska da su, sai ka ce duk filin haka yake.

Amma damben kansa, na sara masa. Na sha ganin finafinan da jarumi ke kai naushi daga kafaɗa kamar mai korar ƙuda. Wannan dogon kuwa daga ƙafa yake ɗauko shi, kuma idan ya gaji za ka ga hannun ya yi nauyi da gaske.

Zainab A.:
Ai Robert Ryan, wanda ya fito a Stoker, ɗan dambe ne kafin ya zama ɗan wasa. Shi ne zakaran ajin masu nauyi a kwalejin Dartmouth duk tsawon karatunsa, daga baya kuma ya horar da sojojin ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda ya fito a Tiger Nelson ma ya yi dambe. Maganar munana biyar kuwa, Yaya, ka je fage ranar da aka yi mummunan kisa ka juya ka kalli fuskokin da ke bayanka, sannan mu yi magana.

Ɗan Guramada:
Za mu yi. To Kawu ga tambayata. Ka ce da an gaya masa da wani labarin ake yi. Ai an gaya masa! Kafin turmi na huɗu da Tiny ya ga abin zai kwaɓe, ya rusuna ya ce masa akwai ciniki, Little Boy ne, ka kwanta, ga ƙarin kuɗi. Stoker ya san waye Little Boy, ya san abin da zai biyo baya, ya tashi ya ci gaba. Daga wannan lokacin ba za ka ce an zalunce shi a duhu ba. Da idonsa biyu ya zaɓa. Shin wannan jarumta ce ko taurin kai? Don ni da ƙanena ne zan ce masa kwanta, dala nawa ce, gobe ma rana ce.

Kawu Ɗanjuma:
Ɗana, akwai bambanci tsakanin a gaya maka kafin ka ɗaura safa, da a gaya maka bayan ka sha turmi uku ido ya kumbura, kuma ka soma jin ƙafar yaron tana rawa. A lokacin ba kuɗi aka ce ya karɓa ba, cewa aka yi ya tabbatar musu da abin da suka ɗauke shi. Shekaru yana cewa naushi ɗaya ya rage, kowa na masa dariya har matarsa ta gaji, yau ga naushin a hannunsa, sai a ce ya mayar aljihu don Tiny ya tsira da dala 50? Wanda ya ci ladan kuturu ai shi zai yi masa aski. Ba Stoker ya ci ba.

Ban ce wayo ya yi ba. Ba wayo ba ne. Amma ban ga yadda mutumin da aka gina mana tun farkon fim zai kwanta a wannan turmin ba.

Malam Nura:
Salamu alaikum. Na makara, amma bari in kawo abin da ya faru a zahiri, don zai ƙara wa tambayar Ɗan Guramada nauyi.

Ranar 14 ga Nuwamba 1947, a Madison Square Garden da ke New York, Jake LaMotta ya kara da Billy Fox, yaron Blinky Palermo, abokin harkar Frankie Carbo wanda a lokacin kusan shi ke juya damben Amurka ta bayan fage. LaMotta mutum ne da aka sani ba ya faɗuwa, amma ranar ya jingina da igiya yana shan duka har alƙalin wasa ya tsayar a turmi na huɗu. Kowa ya ji warin abin. A 1960 ya zauna gaban kwamitin majalisar dattawa na Sanata Estes Kefauver ya amsa da bakinsa cewa da gangan ya bari, don a ba shi damar neman kambu, kuma duk da haka sai da ya ƙara da dala 20,000.

An ba shi damar kuwa. A watan Yunin 1949 a Detroit ya doke Marcel Cerdan na Faransa ya zama zakaran duniya na ajin matsakaita nauyi. Ku duba kwanan wata: The Set-Up ya fito ƙarshen Maris na wannan shekarar. Wato wata uku bai cika ba tsakanin fim ɗin da aka farfasa hannun wanda ya ƙi kwantawa, da ranar da wanda ya yarda ya sayar ya ɗaura kambu. Shi Carbo sai a 1961 aka yanke masa shekara 25, a kan yunƙurin ƙwace rabo daga kuɗin zakara Don Jordan da barazana.

Don haka wanda ya rubuta fim ɗin, Art Cohn, ba tatsuniya ya yi ba. Ɗan jaridar wasanni ne, ya san gidan.

Ɗan Guramada:
Ka ji ko Kawu? Wanda ya kwanta ya zama sarki.

Kawu Ɗanjuma:
LaMotta yana da abin sayarwa, shi ya sa aka zauna da shi aka yi ciniki. Da shi aka yi magana, ba da bayansa ba. Ka ƙara ƙarfafa maganata ne ba ka sani ba. Kuma ka je ka ga yadda wannan kwanciyar ta bi shi har tsufa, duk inda aka ambaci sunansa sai an ambaci Billy Fox.

Ustaz Kabiru:
Ni dai tunatarwa ce. Hadisi ingantacce ya hana dukan fuska, ita kuma wannan sana'a kacokan a kan fuska da kai aka gina ta, ga caca ta lulluɓe ta. Ina jin daɗin yadda fim ɗin bai ƙawata ta ba. Amma kada mu fita daga nan muna ganin Stoker gwarzo ne don ya sumar da ɗan wani. Shi ma Nelson ɗin uwa ce ta haife shi.

Maman Walida:
Allah ya saka da alheri Ustaz. Ba wanda ya tambayi yadda yaron ya kwana.

Malam Nura:
Akwai kuma abin da ba a faɗa ba tukuna, wanda a ganina shi ne babban laifin fim ɗin. Daga wata doguwar waƙa aka ɗauko labarin, wadda Joseph Moncure March ya wallafa a 1928. A cikin waƙar ɗan damben baƙar fata ne, sunansa Pansy Jones. Gwani ne da launin fatarsa ya tare masa hanya, ya yi zaman kurkuku, ya fito ya tsufa, aka sayar da dambensa bai sani ba. Ƙarshensa kuma ba asibiti ba ne, an bi shi har tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, jirgi ya bi ta kansa.

RKO ta mayar da shi Bature, ta ba shi mata mai ƙaunarsa, ta bar shi da rai. Shi March ɗin bai ji daɗin abin ba. Uzurin da Wise ya bayar daga baya shi ne kamfanin ba shi da wani babban tauraro baƙar fata a lokacin. To amma ku dubi ɗakin shirin nan da kyau. Luther Hawkins, kyakkyawan saurayin nan mai fara'a da ya fita ya ci dambensa ya dawo, James Edwards ne. A wannan shekarar ta 1949 shi ya ja fim ɗin Home of the Brave. Ga mutum a tsaye a gabansu suna cewa babu.

Kuma wace shekara ce? Shekarar da Joe Louis ya ajiye kambun masu nauyi bayan ya riƙe shi tun 1937 ya kare shi sau 25. Shekara biyu bayan Jackie Robinson, shi ma baƙar fata, ya shiga babbar gasar ƙwallon sanda. Amurkawa sun iya biyan kuɗi su kalli baƙar fata yana dambe, amma a ce su zauna minti 72 suna jin zafinsa a matsayin jarumin fim, sai aka ce kasuwa ba za ta ɗauka ba.

Baban Ilham:
Alhamdu lillahi, Malam Nura ya kawo mini shaida. Ashe sukarin da na ce an barbaɗa, buhu guda ne. A asali mutuwa ya yi.

Zainab A.:
Malam, ban musa maka tarihi ba, an yi wa waƙar fashi. Amma kada mu auna fim da abin da bai zama ba mu manta da abin da ya zama. Kwatanta shi da 'yan uwansa na lokacin. A Body and Soul na 1947, John Garfield shi ma ya karɓi kuɗin kwanciya, ya fasa a turmin ƙarshe, ya ci, sannan ya dubi uban 'yan cacar ya gaya masa baƙar magana ya kama hannun budurwarsa suka tafi lafiya lau. Wannan shi ne sukari, Baban Ilham. A Champion na 1949 kuma, Kirk Douglas mugu ne da ya taka kowa ya hau, aka sa ya mutu a ɗakin shiri don a ce alhaki ya kama shi. Duk biyun labarin zakarun duniya ne, manyan filaye, manyan kuɗi.

Stoker fa? Burinsa duka a ba shi babban wasa ya samu 'yan ɗaruruwan daloli ya kafa rumfar sayar da sigari. Dambensa ma ba shi ne babban wasan daren ba, bayan an gama babban aka saka su, wasu har sun soma tashi. Kuma da ya ƙi kwantawa an biya shi da bulo, ba a bar shi ya yi jawabi ba. Ka tuna yadda ya fito daga ɗakin shiri filin ya zama wayam, yana bin ƙofofi ɗaya bayan ɗaya duk a kulle, wannan ƙaton mutum yana gudu a tsorace. Wane jarumin Hollywood aka bari ya ji tsoro haka a 1949?

Malam Nura:
Na yarda ya fi su gaskiya. Sai dai Body and Soul ɗin da kika raina ya ba Canada Lee, wanda tsohon ɗan dambe ne da ya rasa ido ɗaya a sana'ar, rawa mai nauyi ta tsohon zakara baƙar fata da aka tura fage da gudan jini a ka. Masu wancan fim sun fi ƙarfin hali ta wannan fuska, kuma sun ɗanɗana kuɗarsu da aka soma farautar 'yan gurguzu a Hollywood. An hana marubucinsa Abraham Polonsky aiki shekara da shekaru, Garfield ya rasu a 1952 yana da shekara 39 bayan an sa shi a gaba, Canada Lee ma a wannan shekarar ya rasu.

Kawu Ɗanjuma:
Malam Nura, da an bar Pansy Jones da fim ɗin ya fi haka girma, ban ja ba. Da rainin ya zama hawa biyu. Amma ko a haka ban ga an cire masa ƙashin baya ba, don tsufa da talauci ma sun isa a raina mutum. Ka dubi yadda irin su mai sayar da jarida ne ke gaishe shi da mutunci a filin nan.

Abu ɗaya da ba wanda ya ambata, tagar. Daga ɗakin shiri yana hango tagar ɗakinsu a otal. Da ya ga fitila ta mutu sai fuskarsa ta washe, ya ɗauka ta taho kallo. Ya hau fage yana ta waiwayen kujerarta, ba kowa. Duk turmin da ya koma kusurwa sai ya duba. Wato a daren nan manaja ya sayar da shi, mai goge jini ya sayar da shi, matar ma a zatonsa ta yafe shi. Shi kaɗai ya rage wa kansa. To Ɗan Guramada, a wannan halin kake so ya kwanta?

Ɗan Guramada:
Har yanzu eh, Kawu. Don ni na san abin da hannu yake nufi. A wurinmu yawancin 'yan damben gargajiya 'ya'yan mahauta ne, mutum na da fawa a gida, ranar da ƙarfi ya ƙare ya kwance zare ya koma teburinsa. Stoker ba shi da teburin komawa, kuma hannun da zai kama wata sana'ar da shi ne aka niƙe. Ku kuna maganar mutunci, ni ina maganar wanda zai ɗaura masa igiyar takalmi.

Maman Walida:
Julie za ta ɗaura masa. Ai abin da take roƙo ke nan tun farkon fim, ya tsaya a gida ko da ita za ta nemo. Kuma ba ta yafe shi ba, Kawu, abinci ta sayo ta koma ɗaki ta ɗora miya tana jiransa.

Baban Ilham:
To Hajiya ai kin dawo kan maganata ta wata ƙofar. Nasarar Julie ce, ba tasa ba. Ita ta samu abin da take so, shi aka karya.

Maman Walida:
Shi ya fara cewa ya ci, yana kwance a ƙasa, kafin ita ta faɗi haka. Koma ka saurara. Abin da ya fara fitowa bakinsa bayan ya ce ba zai sake dambe ba ke nan. 

Zainab A.:
Kuma kyamara ba ta tsaya a kansu tana lallashi ba. Ja da baya ta yi, mutane sun taru suna kallo kamar yadda suka kalli damben, wani ma a zatonsa maye ne ya kayar da shi. Martin Scorsese, wanda ya yi Raging Bull a 1980 kan rayuwar LaMotta ɗin da Malam ya kawo, yana cikin masu yabon wannan fim, har ya yi sharhi a kansa da aka sake fitar da shi a faifai. Shi kuwa Wise ya koma dambe a 1956 da Somebody Up There Likes Me, labarin Rocky Graziano, amma wancan mai daɗin ƙarshe ne, bai kama ƙafar wannan ba.

Ɗan Guramada:
Ni abin da ke ci mini rai, Tiny da Red sun sulale tun kafin a ɗaga hannun Stoker, kuma fim bai sake waiwayarsu ba. Little Boy da ya san aikinsa ai manaja zai nema, shi ya karɓi kuɗi. Stoker ma ya gaya musu bai san da ciniki ba sai a turmin ƙarshe.

Kawu Ɗanjuma:
Little Boy ba kuɗinsa yake nema ba, dala 50 me ce a wurinsa. An kunyata shi a gaban budurwarsa da ta yi ta cika baki tana saka kuɗi a kan Nelson, kuma a lungun Stoker ya ƙara masa da naushi a baki. Manaja kuwa ana bukatarsa gobe, zai kawo wani tsohon.

Baban Ilham:
Ban sauka daga ra'ayina ba, amma na rage buhun zuwa cokali. Mako mai zuwa akwai zaɓi biyu, Body and Soul tunda Malam Nura ya tallata shi, ko The Harder They Fall na 1956, fim ɗin Humphrey Bogart na ƙarshe, wanda aka gina kan irin abin da aka yi wa ɗan damben Italiya Primo Carnera. Ku zaɓa kafin Laraba.

Malam Nura:
Na Bogart. Akwai Max Baer da Jersey Joe Walcott a ciki, zakarun gaske, kuma Baer ɗin shi ya ƙwace kambu a hannun Carnera a 1934. Akwai magana a nan.

Maman Walida:
Dambe kuma? Don Allah a sa mana wanda ba a fasa wa kowa fuska ko sau ɗaya. Idan na Bogart ɗin ne dole, ni Casablanca na zaɓa.

Ɗan Guramada:
Hajiya a can ma harbi ake yi.